Faifai ɗaya, kwamfuta uku: me ya sa Windows da Mac da Linux ba sa karanta ajiyar juna

Akwai wani ɗan saƙo da nake ganin ya fi bairos haɗari ga mai yawo da faifai daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ka cika faifanka da aiki a Mac ko Linux, ka kai wurin mai Windows ka jona, sai akwati ya fito yana cewa dole a yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi, ga maɓallin amincewa nan yana jiran yatsanka. Mai gaggawa sai ya danna. Alhali faifan lafiyarsa ƙalau, komai na ciki yana nan. Windows ce ba ta iya karanta shi ba, kuma maimakon ta ce ba ta iya ba, sai ta ce a kawo ta goge. Mac ma takan yi haka idan aka ba ta faifan Linux, sai dai ita tana ɗan sassautawa: ta ce faifan bai karantu ba, sannan ta jera maka zaɓi, ɗaya daga ciki shi ne a share shi a fara sabo.

Mu ɗauki shagon masu ɗaukar hoto da bidiyon biki, irin waɗanda ba ka rasa su a unguwannin Kano ko Kaduna ko Maraɗi. Mai tace bidiyo yana aiki da Mac. Yaron da ke buga hotuna da rubuta rasit yana kan Windows. Can a lungu kuma ga wata tsohuwar kwamfuta da wani ɗan'uwa mai ilimin harkar ya sa wa Ubuntu, wato wani nau'in Linux, don ta riƙa riƙe tsofaffin ayyuka. Buƙatar mutanen nan biyu ce, kuma kusan kowa cakuɗa su yake yi. Ta farko ita ce kai-kawo, aiki ya tashi daga wannan tebur ya isa wancan yau. Ta biyu ita ce ajiyar ko-ta-kwana, wato idan kwamfuta ta mutu ko aka sace ta, bidiyon bikin da aka ɗauka bara ya fito daga wani wuri. Abin da ya dace da ta farko shi ne ya fi rashin dacewa da ta biyu, kuma daga nan yawancin asara ke farawa.

Littafin sito

Faifai, ko na cikin kwamfuta ne ko filashi ko katin memori, fili ne kawai mai miliyoyin ƙananan gurabe. Bai san fayil ba, bai san folda ba. Abin da ya san su shi ne wani littafi da babbar manhajar kwamfuta ke rubutawa a jikin faifan, mai cewa fayil kaza sunansa kaza, girmansa kaza, gutsattsarinsa suna gurbi kaza da kaza. Wannan shi ake kira tsarin fayil. Ka kwatanta shi da sito a kasuwar Dawanau: buhuna dubu a jibge, kuma littafin akawu ne kaɗai ya san na wane ne wanne. To idan akawun ya rubuta littafinsa da ajami, aka kawo sabon yaro wanda boko kawai ya iya, buhunan ba su je ko'ina ba, amma a wurinsa littafin zane-zane ne.

Fomat kuwa, musamman irin na gaggawa da Windows ke yi idan ba ka canza komai ba, yaga littafin ne a buɗe sabo. Buhunan suna nan har sai an ɗora wasu a kansu. Shi ya sa wanda ya riga ya danna maɓallin nan, abu na farko da zai yi shi ne ya zare faifan, kada ya sake sa ko hoto ɗaya a kai. Manhajoji irin TestDisk da PhotoRec, waɗanda kyauta ne kuma suna aiki a dukkan kwamfutocin uku, sukan iya tono abu mai yawa, ko da yake PhotoRec takan dawo da fayiloli ba tare da sunayensu ba, ka zauna kana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Kowace babbar manhaja da rubutunta. Windows tana amfani da NTFS tun 1993. Apple ta daɗe a kan HFS+ tun 1998, sannan ta koma APFS a 2017. Yawancin nau'o'in Linux suna kan ext4, wanda ya kammala a ƙarshen 2008. Zaman da ke tsakaninsu ba na adalci ba ne. Windows ba ta karanta na Apple, ba ta karanta na Linux, sai an sayo ko an girka wata manhaja ta daban. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai, shi ya sa mai tace bidiyon nan zai ga duk abin da ke cikin faifan abokin aikinsa, ya kwafa, amma ya kasa ajiye komai a ciki, har ya fara zargin faifan ya lalace. Linux ce ta fi kowa jin harsuna, don dole ta sa ta: ta daɗe tana rubutu a NTFS ta hanyar wata manhaja mai suna NTFS-3G, kuma a 2021 aka shigar da sabuwar manhajar karanta NTFS da rubutu a kai, ta kamfanin Paragon, cikin zuciyar Linux kai tsaye, a siga ta 5.15. Amma ita ma APFS yana ba ta wahala.

Harshen kasuwa

Da yake babu mai karanta na ɗan'uwansa sosai, sai duniya ta faɗa kan wani tsohon tsari na Microsoft da kowa ya iya, wato FAT32, wanda ya fito a 1996. Talabijin, rediyon mota, kyamara, injin buga takarda, kowa yana jin sa. Matsalarsa ɗaya ce babba: gurbin da aka ware a littafinsa don rubuta girman fayil ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 4,294,967,295. Ma'ana, fayil ɗaya ba zai wuce giga 4 ba. Filashinka yana iya zama mai giga 32 kuma babu komai a ciki, amma bidiyon kamu mai giga 6 ya ƙi shiga, kwamfuta tana cewa ya yi girma. Ba wuri ne babu ba, akawun ne lissafinsa ya ƙare. Dalilin da ya sa wasu kyamarori ke yanyanka dogon bidiyo gida-gida ke nan.

Magajinsa shi ne exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006 ta cire masa wannan iyaka. Katin memori da ya wuce giga 32, irin wanda ake rubuta wa SDXC, da shi yake zuwa daga masana'anta. Mac ta fara jin sa a 2010. Linux ta ɗan jima tana raɓe-raɓe saboda batun haƙƙin mallaka, har sai da Microsoft ta wallafa bayanin tsarin a fili a watan Agustan 2019, aka shigar da shi a siga ta 5.4. Yau idan aka tambaye ni wane fomat za a yi wa faifan da zai riƙa zagaya tebura uku na shagon nan, amsar exFAT ce, babu dogon tunani.

Amma a dubi abin da aka sadaukar kafin a samu wannan sauƙi. NTFS da ext4 suna da wata ɗabi'a ta akawun kirki: kafin su taɓa babban littafi, sai sun rubuta a wata 'yar takarda cewa ga abin da za su yi. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, da kwamfuta ta tashi sai ta duba 'yar takardar, ta ƙarasa abin da aka fara ko ta warware shi. APFS tata dabarar daban ce, ba ta goge tsohon shafi sai sabon ya kammala, amma manufar ɗaya. exFAT ba shi da ko ɗaya daga ciki. Kai, FAT32 ma yana ajiye kwafi biyu na jadawalinsa, shi kuwa exFAT ɗaya yakan ajiye. Idan wuta ta ɗauke ko wani ya fizge waya yana tsakiyar rubutu, littafin yana iya zama rabi tsoho rabi sabo, folda guda ta ɓace. A ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa wannan ƙaramin haɗari ne. A wurinmu kuwa, inda ake sauya layi daga wutar gwamnati zuwa janareta sau da yawa a yini, ba ƙarami ba ne.

Ga kuma wani abu da ke ƙara dagula shi. Mac da Linux sukan nuna maka an gama kwafa alhali wani ɓangare yana cikin ƙwaƙwalwar wucin-gadi bai sauka a faifai ba tukuna. Windows, tun sigar da ta fito a ƙarshen 2018, ta rage wannan jinkiri ga faifan waje, shi ya sa mutanenta suka saba fizge filashi ba abin da ya faru. Su kai wannan ɗabi'a kan Mac, su sha mamaki. Danna umarnin fitar da faifai kafin a zare shi ba tsarabe-tsarabe ba ne, shi ne ke sa kwamfuta ta sauke abin da ta riƙe.

Wanda kuma ya girka Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, akwai tarkon da ke jiransa. Tun Windows 8, idan ka kashe kwamfuta ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, wani irin barci take yi don ta tashi da sauri, ta bar faifanta a matsayin wanda ba a rufe ba. Linux idan ta ga haka sai ta ƙi rubutu a kai, kuma gaskiyarta ne. Maganin shi ne a shiga saitin wuta na Windows a kashe tashin-sauri.

Abin da ke zubewa a hanya

Ko an dace da fomat, fayil ba ya ƙetarewa da duk kayansa. Suna ne ke fara ba da matsala. Linux ba ta hana komai a sunan fayil sai alamar / da wani harafi da ba a gani. Windows kuwa ta haramta guda tara, ciki har da alamar tambaya, da ɗigo biyu, da tauraro, da alamar zance. Ta kuma hana wasu sunaye ɗungum, irin CON da AUX da NUL, gadon zamanin DOS, tsohuwar babbar manhajar Microsoft kafin Windows. Ɗalibin da ya sa wa babin aikinsa suna da alamar tambaya a Linux zai ga fayil ɗin ya ƙi kwafuwa, ko ya iso da wani baƙon harafi a tsakiya. Sannan akwai tsohuwar iyakar Windows ta harafi 260 ga cikakken adireshin fayil, tun daga sunan faifai har folda cikin folda. An buɗe hanyar ɗage ta tun 2016, amma manhajoji da yawa har gobe suna tuntuɓe a kanta, kuma mu masu son dogon suna irin "Hotunan ɗaurin aure da walima na gidan amarya waɗanda aka gyara na ƙarshe" mun fi kowa kusa da ita.

Babba da ƙaramin baƙi ma rigima ce. A Linux, Rasit.pdf da rasit.pdf fayiloli biyu ne daban. A Windows, da Mac yadda take zuwa daga kanti, abu ɗaya ne. Kwafo foldar da ke da su biyun, ɗaya zai hau kan ɗaya, wani lokaci da tambaya, wani lokaci shiru.

Sai namu na gida, haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Dukkan tsare-tsaren da na ambata na zamani suna ajiye su daidai, don kowanne yana da lambarsa a Unicode, tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi. Inda suke karyewa shi ne cikin zip, wato ƙunshin da ake matse fayiloli a ciki. Phil Katz ya ƙirƙiro zip a 1989, lokacin da ba a tanadi hanyar faɗa wa mai buɗewa da wane tsarin haruffa aka rubuta sunaye ba, kuma sai a 2006 aka ƙara alamar da ke nuna hakan. Har yanzu akwai manhajojin da ba sa sa alamar ko ba sa duba ta, sai "Ƙa'idoji" ya fito da tarkacen alamomi a farkonsa. 'Yan'uwanmu na Nijar masu haɗa Faransanci a sunan fayil suna da ƙarin tasu: tsohon tsarin Apple yana ajiye é a matsayin abu biyu, harafi da alamar kansa, Windows da Linux kuwa galibi abu ɗaya. Ido yana ganin suna ɗaya, kwamfuta tana ganin biyu, sai manhajar daidaita foldoji ta riƙa haifo tagwaye. Ni dai ra'ayina, a cikin takarda a rubuta Hausa da lanƙwasarta cikakkiya, ba sassauci. Amma sunan fayil da za a adana shekaru, gara a taƙaita shi, a fara da kwanan wata irin 2024-03-12 don su jeru da kansu, a guji alamomi. Ba raina harshe ba ne, lakabin jikin buhu ne.

Akwai kuma abin da ba a gani. Linux da Mac suna rubuta wa kowane fayil mai shi, da wanda aka yarda ya karanta, da ko manhaja ce mai tashi. FAT32 da exFAT ba su da gurbin wannan, saboda haka duk abin da ya bi ta kansu ya fito tsirara. Ga hotuna da bidiyo wannan ba komai ba ne. Ga mai rubuta manhaja ko mai kwashe shafin intanet daga wata saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafin, zuwa wata, babbar ɓarna ce, kuma maganinta tsoho ne: a ɗaure foldar tukuna cikin wani irin ƙunshin fayiloli mai suna tar, wanda ke riƙe duk waɗannan bayanai a cikinsa, sannan a ɗora ƙunshin a faifan. Windows ma ta zo da tar tun 2018.

Su kuwa ƙananan fayilolin nan da ke bayyana bayan an jona filashi a Mac, irin .DS_Store da masu farawa da ɗigo da ƙaramin layi, ba bairos ba ne. Bayanan Mac ne na yadda ta jera folda da wasu ƙarin sifofi, ita tana ɓoye su, Windows tana nuna su. Na sha ganin an yi wa filashi fomat saboda su. Bairos na gaske da ke yawo a shagunan buga takardu shi ne mai ɓoye foldojinka ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, kuma abin dariya, jona filashin a Linux ko Mac yakan nuna foldojin suna nan daram.

A bar faifai, a sa tafinta

Hanyar da ta fi tsafta ita ce kada faifan ya tashi daga inda yake. Kowace kwamfuta ta riƙe littafinta da rubutunta, su yi magana ta netwok da harshe ɗaya. Harshen nan shi ne SMB, wanda Barry Feigenbaum ya fara a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ta ɗauka ta gina rabon fayil na Windows a kai. Yadda ya isa Linux labari ne mai daɗi. Wani ɗalibi a Canberra ta Ostareliya, Andrew Tridgell, ya zauna yana sauraron abin da kwamfutoci ke faɗa wa juna a waya har ya gane harshen, ya fitar da manhajarsa a farkon 1992. Da ya zo neman suna, sai ya bincika ƙamus yana neman kalmar da ke ɗauke da haruffan s da m da b, ya samu Samba. Shekaru masu yawa mutanen Samba suna aiki da hasashe, har sai da Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497 a 2004, ta kuma umarce ta ta bayyana yadda ka'idojinta ke aiki. Kotu ta tabbatar da hukuncin a 2007, kuma a ƙarshen shekarar masu Samba suka samu takardun. Apple ma a 2013 ta mayar da SMB hanyarta ta farko a madadin tata ta gida.

Ga shagonmu, ma'anar wannan ita ce tsohuwar kwamfutar lungu ta zama rumbun kowa. A sa mata Samba, faifanta ya zauna a ext4 mai jure ɗaukewar wuta, Mac da Windows su gan ta a matsayin folda. Kuma wannan ba ya cin data ko kaɗan, abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba sai sun gani. Rawuta tana haɗa na'urorin cikin ɗaki ko babu intanet, kamar dai yadda Xender ke tura waƙa daga waya zuwa waya. Da wayar netwok mai gudun gigabit, giga 100 yana ƙetarewa cikin kusan kwata na awa. Ta wayifai zai fi haka jinkiri sosai, don haka mai bidiyo ya ja waya.

Gargaɗi ɗaya: sigar farko ta SMB ta tsufa kuma tana da rami. Ta ramin nan WannaCry, wata manhajar masu garkuwa da fayiloli, ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, duk da cewa Microsoft ta fitar da gyara tun watan Maris. Sababbin Windows ba sa zuwa da ita a kunne. Idan tsohon injin sikana ya ƙi ganin folda, wani ya ce a kunna SMB1 a huta, a san abin da ake buɗewa.

Wanda ba ya son kafa saba, akwai LocalSend don jefa fayil daga kowace na'ura zuwa kowace a wayifai ɗaya, da Syncthing mai daidaita folda tsakanin kwamfutoci ba tare da ta bi ta kamfanin kowa ba. Ma'ajiyar intanet irin Google Drive da Dropbox da OneDrive ita ma tana share bambancin tsari, amma a yi lissafi. Kyautar Google giga 15 ce, kuma da Gmail da hotuna ake rabawa. Loda giga 100 a layin da ke tura megabit 5 a daƙiƙa zai ci sama da awa 44 ba tsayawa, ban da kuɗin data. Kuma Google ba ta yi wa Linux manhajar Drive ta tebur ba, sai dai a bi ta burauza ko wata manhaja mai suna rclone.

Madubi ba rumbu ba ne

A nan ne buƙata ta biyu ke rabuwa da ta farko. Duk abin da ke daidaita foldoji, aikinsa shi ne ya mayar da can kamar nan. Ka goge fayil a nan bisa kuskure, ya goge a can. Manhajar masu garkuwa da fayiloli ta kulle na nan, ya kwashi kulallun ya kai can, cikin biyayya. Kwandon sharar Google Drive yana riƙe abin da aka goge kwana 30 ne, bayan nan shi ke nan. Haka manhajar kwafa ta rsync, wadda Tridgell ɗin nan da Paul Mackerras suka fitar a 1996, da takwararta robocopy ta Windows: ƙwararru ne wajen tura abin da ya canza kawai, amma kowacce tana da umarnin da ke share duk abin da babu shi a tushe. Juya tushe da masauki sau ɗaya, ka kwafe fanko a kan cikakke.

Ajiya ta gaske tana riƙe jiya da shekaranjiya. Kowace babbar manhaja tana da tata, kuma a nan bangon ke sake tashi. Time Machine ta Apple, wadda ta zo a 2007, tana da kyau ƙwarai: kwafin kowace awa na yini guda, na kowace rana har wata, sannan na kowane mako. Amma faifanta na tsarin Apple ne. Ranar da aka sace Mac ɗin, kuma kuɗin da ke hannu na kwamfutar Windows ta hannu ce kawai, ajiyar tana tebur amma ba mai karanta ta, kuma saƙon nan na fomat shi zai fara yi maka maraba. File History ta Windows ta fi sauƙin kai a nan, don fayiloli take ajiyewa yadda suke, ta liƙa musu kwanan wata a suna, saboda haka Mac da Linux za su iya tsinto su. Tambayar da ya kamata a yi wa kowace ajiya ita ce: idan na'urar da ta yi ta ta mutu, wace na'ura ce za ta buɗe ta?

Shi ya sa ga wuri mai kwamfutoci iri-iri na fi karkata ga manhajojin da ba ruwansu da tsarin faifai, irin restic da Kopia da Duplicati. Suna yanyanka fayiloli ƙanana-ƙanana, su kulle su da kalmar sirri, su ajiye sunaye da izini da lokuta a cikin nasu littafin, kuma abin da ya maimaitu sau ɗaya suke ajiye shi. Abin da Mac ta adana, Windows za ta fito da shi. restic ta rubutun umarni ce, Kopia da Duplicati suna da fuskar dannawa. Borg ma gwana ce, amma ba ta zauna a Windows sosai ba, don haka ba ta shagon nan ba ce.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na ƙarshen ne muke yawan tsallakewa. Faifan ajiya da ke kan tebur ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su, gobarar kasuwa ɗaya ce za ta cinye su, wuta mai ƙarfi ɗaya ce za ta ƙona su idan yana jone. Ba sai an biya kuɗin intanet ba: faifai biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, ana musanya su duk Juma'a, ya wadatar. A kuma gwada sabon filashi ko faifai da manhajar H2testw ko f3 kafin a amince masa, don akwai na jabu a kasuwa masu nuna girman da ba su da shi, suna karɓar kaya suna zubarwa. Amma idan faifan tera 1 ya nuna giga 931 a Windows, wannan ba cuta ba ce: Windows tana ƙirga da 1024, masana'anta da Mac suna ƙirga da 1000.

Sai gwaji. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke adana ayyukan masu rubuta manhaja, ya goge rumbun bayanai na ainihi yana zaton na gefe ne, kusan giga 300 ya tafi kafin ya tsayar. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, aka duba aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe da tsayawa shiru saboda sigar manhajar da ke kwafa ta saɓa da ta rumbun, kuma saƙonnin da ke kai ƙara ba sa isa. Abin da ya cece su kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, kuma aikin awa shidan ya tafi. Waɗannan ƙwararru ne da harkar ke ciyar da su. Don haka mai shago ya ɗauki faifan ajiyarsa lokaci-lokaci, ya kai kan kwamfutar da ba irin wadda ta yi shi ba, ya fito da bidiyo ɗaya ya kalla har ƙarshe. Mai son tabbaci ya kwatanta hatimin SHA-256, wata doguwar lamba da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikin fayil, na asali da na kwafi, dukkan manhajojin uku suna da umarnin fitar da shi, kuma ko ɗigo ɗaya ya canza hatimin zai bambanta.

Kulle faifai da kalmar sirri ma yana da nasa bangon. BitLocker na Windows ne, FileVault na Mac, LUKS na Linux, kuma Mac ba ta buɗe BitLocker da kanta. Faifan da zai yi yawo kuma yana ɗauke da sirrin mutane, hotunan iyalin wani ko takardun kuɗi, VeraCrypt ce ke buɗuwa a duka ukun. Sabuwar kwamfutar Windows kuma tana iya zuwa da faifanta a kulle ba tare da mai ita ya lura ba, sai ranar da aka ciro faifan don ceto aiki a tarar ana neman mabuɗi mai lamba 48. A nemo shi tun yau a asusun Microsoft. Shi da kalmar sirrin restic ko Kopia, kada su zauna a cikin kwamfutar da ake yi wa ajiyar kaɗai. A rubuta su a takarda da biro, a sa inda maigida ke ajiye takardun fili.